Lissafi a Ilimin Gani: Idon Halitta da Idon Kwamfuta

Ilimin gani fanni ne da ke binciken yadda ido da ƙwaƙwalwa, ko kyamara da kwamfuta, ke juya haske ya zama sanin abin da ke gaba, wato ko mene ne shi, da inda yake, da nisansa. Lissafi ne ginshiƙin fannin, domin duniya tana da tsawo da faɗi da zurfi, amma hoton da ke sauka a tantanin bayan ido shimfiɗaɗɗe ne, har ƙaramin abu na kusa da babban abu na nesa kan ba da hoto iri ɗaya. Gani ke nan aiki ne na gano abin da hoton bai faɗa ba.

A farkon ƙarni na 11, a Alƙahira, Ibn al-Haisam ya kafa hujja da gwaji da lissafin layuka da kusurwoyi cewa haske daga abu yake tasowa ya shiga ido. A 1604 Johannes Kepler ya nuna cewa a kife hoton yake sauka.

Tantanin idon mutum yana da ƙwayoyi kimanin miliyan 120 masu aiki a ƙarancin haske, da wasu kimanin miliyan 6 masu rarrabe launi, amma jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa zarenta bai wuce miliyan ɗaya da ɗan kai ba. Dole ne ido ya tace, kuma abin da ya fi aikawa shi ne bambancin haske tsakanin wuri da maƙwabcinsa. A 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suka gano cewa a ƙwaƙwalwar kyanwa akwai ƙwayoyin da ba sa aika saƙo sai sun ga layi mai wata karkata ta musamman, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1981.

A nan ne ido da kwamfuta suka fi kusantar juna. A wurin kwamfuta hoto jadawalin lambobi ne, kowane ɗigo da tasa, daga 0 na baƙi ƙirin zuwa 255 na fari fat. Idan mutum ya ɗauki hoton giwa a Yankari, lambobin sararin sama manya ne, na jikin giwar ƙanana, kuma da an ɗebe lambar kowane ɗigo daga ta maƙwabcinsa sai iyakar bayanta da kunnenta su fito fili. Wannan auna saurin canji shi ne zuciyar kalkulas. Zurfi kuwa daga lissafin kusurwa ake samunsa, tun da tazarar idanu biyu ta kai kimanin santimita 6, kowanne yana ganin abu daga ɓangarensa.

Inda hoto bai wadatar ba, sai ƙwaƙwalwa ta yi kirdado, ra'ayin da Hermann von Helmholtz ya kawo a ƙarni na 19, wanda yau ake bayyanawa da lissafin yiwuwa na Bayes. Direban da ya taso daga Gombe zai tafi Bauchi cikin hazon hunturu, idan ya hango wani duhu a bakin hanya kusa da Alkaleri, yakan rage gudu tun bai tantance ba, domin ƙwaƙwalwarsa ta haɗa abin da ya gani da abin da ya saba gamuwa da shi, ta ba shi saniya.

A kan binciken Hubel da Wiesel ne Kunihiko Fukushima na Japan ya gina tsarin kwamfuta mai tace hoto hawa-hawa a 1980, Yann LeCun ya koya wa irinsa karanta lambobin da aka rubuta da hannu a 1989, sannan a 2012 masu bincike na Jami'ar Toronto suka lashe ImageNet, gasar gane hotuna da kwamfuta, da tsarin da ya koyo daga hotuna fiye da miliyan ɗaya. Daga wannan zuriya fasahar gane fuska ta yau ta fito, irin wadda ke buɗe waya, da irin aikin tantance masu zaɓe da na'urar BVAS ta yi a 2023.

Sai dai bai kamata a kai kamancin nesa ba. Yaro kan gane akuya bayan ya ga 'yan kaɗan, ita kuwa kwamfuta abin da aka ciyar da ita kawai ta sani. Binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018 ya gano cewa wasu manhajojin tantance jinsi daga hoton fuska sun yi kuskure a kan mata baƙar fata har kusan kashi 35 cikin ɗari, alhali a kan maza farar fata kuskuren bai kai kashi 1 ba. Wannan giɓi ne da ɗaliban lissafi da kwamfuta na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jami'ar Jihar Gombe za su iya taimakawa wajen cikewa, ta hanyar tattara hotunan fuskoki da amfanin gona da rubutun ajami na yankin, da izinin masu su.