Ƙarfe 12 Ba Ita Ce Tsakar Rana Ba a Zariya

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar agogo ya buga ƙarfe 12, rana ta take tsaka. A Zariya ba haka ba ne. An daidaita agogon Nijeriya da layin digiri 15 gabas a taswirar duniya, wanda ya ratsa Chadi, alhali Zariya tana kusa da digiri 8, kuma rana tana ɗaukar minti 4 kafin ta ratsa kowane digiri daga gabas zuwa yamma. Shi ya sa zawali ba ya yi sai wajen 12:30. Wanda ya kafa sanda a tsakar gida ya natsu yana kallon inuwarta, zai ga tana ci gaba da gajarta bayan 12. Da wannan inuwa malaman birni suke gane shigar Azahar tun kafin zuwan agogo.