Waiwaye: Na'urar koya wa yara tafiya ta samo asali ne daga kyanwoyi

Har yanzu ƙura ba ta lafa ba kan na'urorin mutum-mutumi da ake ɗaura wa yaran da raunin ƙwaƙwalwa ya shanye wa gaɓoɓi. Iyaye su ga bidiyon yaro tsaye cikin na'ura yana taku, zuciya ta kwaɗaitu, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Masu gashin ƙashi da dama kuwa na cewa bincike bai tabbatar na'urar ta fi atisayen da aka saba ba, in dai an ba kowanne lokaci daidai. Saɓanin nan ya girmi bidiyoyin da shekaru masu yawa.

Farkon labarin sananne ne. A 1861 likita William Little ya bayyana wannan lalura ta shanyewar gaɓoɓin yara (cerebral palsy) a Landan, ya danganta ta da wahalar haihuwa. Daga shekarun 1940 salon Berta da Karel Bobath na sarrafa jikin yaro da hannu ya bazu a duniya.

Inda aka fi tsallakewa shi ne 1987. A birnin Montreal na Kanada, Hugues Barbeau da Serge Rossignol suka wallafa sakamakon gwaji kan manyan kyanwoyin da aka datse wa laka. Ana tallafe bayan kyanwa, a ɗora ƙafafunta kan shimfiɗa mai juyawa, a maimaita kullum. Bayan makonni sai ƙafafun baya suka koma taku, har suna ɗaukar nauyin jiki, alhali saƙon ƙwaƙwalwa ba ya isa gare su. Wato ita kanta laka tana da tsarin taku, kuma maimaici na farkar da shi. A 1992 Anton Wernig ya nuna a Jamus cewa dabarar na taimakon mutanen da lakarsu ba ta gama tsinkewa ba. Sai dai aikin na cin ƙarfi: mutum biyu ko uku durƙushe suna ɗaga ƙafar majinyaci taku bayan taku, kafin a jima sun gaji liƙis. Don sauke musu wannan wahala aka ƙera na'urar Lokomat, mai ɗaga ƙafar majinyaci da kanta, a asibitin Balgrist da ke Zurich ta Switzerland, ta shiga kasuwa a 2001, samfurin yara ya biyo baya a 2006.

A ganina tushen gardamar yau yana nan. Kyanwar ta riga ta iya tafiya, ƙwaƙwalwarta ƙalau. Shi kuwa yaron nan, a ƙwaƙwalwa rauninsa yake, kuma bai taɓa yin tatata irin ta sauran yara ba. Tsokokinsa a sanƙare, ƙashi na tsawo tsoka na gaza bin sa, ga matsalar daidaita tsayuwa. Yaro na koyon tafiya ne ta tangaɗi da faɗuwa da gyarawa, na'urar da ta riƙe ƙugu da gwiwa kuwa tana iya yi masa takun gaba ɗaya, shi yana rataye kawai. Maƙera sun lura da haka, suka ƙara wasanni a allo da hanyar rage tallafi a hankali. A 2021 wata rigar ƙarfe ta yara, ATLAS 2030 daga Sifaniya, ta samu izinin Turai, mai barin yaro ya taka ƙasa sosai.

Akwai kuma batun wane yaro ake nufi. Tun 1997 aka raba lalurar hawa 5, daga mai tafiya da ƙafarsa zuwa wanda sai a keken guragu. Binciken da aka yi kan yara 657 a lardin Ontario na Kanada a 2002 ya nuna yawanci kafin shekara 5 yaro ya kai kashi 90 cikin 100 na motsin da zai iya. Ga yaron hawa na 2, ana neman sauri da juriya. Ga na hawa na 4, tsayuwa da motsa jini da kallon tsara ido da ido ma riba ce babba, ko da ba zai taka shi kaɗai ba. Gwaje-gwaje da yawa yara 'yan gomomi suka ƙunsa, an cakuɗa hawa-hawan wuri guda, shi ya sa kowane ɓangare ke samun abin kafa hujja a cikinsu.