Yaron gidan marayu yana aji huɗu amma bai iya karatu ba: ta ina za a fara?

A wasu gidajen marayu, ranar da aka karɓi yaro tsawonsa ake dubawa, a kimanta shekarunsa, a kai shi ajin sa'o'insa. Ɗan shekara goma sai a ce aji huɗu ko biyar. Alhali wataƙila ya yi shekara biyu a sansanin 'yan gudun hijira, ko yana ta yawo daga hannun wannan dangi zuwa wancan, ko ma bai taɓa riƙe fensir ba. Malamin aji manhaja yake bi, ba zai jira shi ba. Yaron zai kwafe abin da ke allo tsaf, amma ko layi ɗaya ba zai iya karantawa ba. Kafin zango biyu an fara cewa ba ya ja. Daga nan sai fashin makaranta, sai faɗa, sai ciwon ciki kullum da safe.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro a Najeriya haƙƙin karatun shekara tara kyauta. Amma zama a aji daban, koyo daban. Abin da wannan yaro yake buƙata shi ne darasin cike giɓi, wanda zai ɗauko shi daga inda ya tsaya.

Kafin a ɗora masa laifi, a duba lafiyarsa. A gwada idonsa da allon gwajin ido daga nisan mita 6, ido ɗaya bayan ɗaya. A tsaya bayansa a kira sunansa a hankali, a kuma leƙa kunnen ko yana fitar da ruwa, domin ciwon kunnen da aka bari ya daɗe yana rage ji, kuma wanda ba ya jin bambancin "k" da "ƙ" ba zai rubuta su daidai ba. A duba tafin hannu da cikin fatar ido: idan sun yi fari, a kai shi gwajin jini. Ƙarancin jini da tsutsar ciki suna sa kasala da gyangyaɗi a aji, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ba yara maganin tsutsa sau ɗaya ko biyu a shekara. Mai sikila kuwa a san da cewa zai riƙa rasa kwanaki, a tanadi yadda zai rama.

Sai gwajin karatu. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, ta koyar da yaro daidai matakinsa, wadda aka yi aiki da ita a makarantun Borno da kuma ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Kano. Takarda ɗaya ce mai ɗauke da baƙaƙe, kalmomi, sakin layi mai gajerun jimloli huɗu, da ɗan labari. Yaro ɗaya ake gwadawa a lokaci guda, a gefe, minti biyar zuwa goma. A fara da sakin layi. In ya karanta, a haura zuwa labari. In ya kasa, a sauko kalmomi, in nan ma ya kasa, a sauko baƙaƙe. Matakai biyar ke nan: mai farawa, baƙi, kalma, sakin layi, labari. Lissafi ma haka: gane lamba 1 zuwa 9, sannan 10 zuwa 99, sannan ɗebewa mai aro, sannan rabawa. Kada a kira shi jarrabawa, kada a yi shi gaban sauran yara, kada kuma mai gwajin ya riƙa ɗora masa amsa don tausayi. Wannan tausayin shi ke sa a rubuta yaro a matakin da bai kai ba.

A raba yara rukuni bisa mataki, ko da ɗan shekara takwas zai zauna da ɗan sha biyu. Nan ne wuri mafi wuya, domin babban zai ji kunya. A sa wa rukunan sunayen da ba su nuna gaba da baya ba, a kuma ba babban wani aiki, kamar raba katuna ko riƙe rajista. Mai koyarwa ɗaya kada ya wuce yara 15.

Awa ɗaya a rana, kwana biyar a mako, ya fi awa huɗu ranar Asabar. A zaɓi lokacin da yara suka ci abinci suka huta, wanda bai ci karo da Islamiyya ko aikin gida ba. Minti 10 na farko a karanta musu labari da babbar murya ana bin kalmomin da yatsa, a tambaye su me ya faru. Minti 25 aikin rukuni. Masu farawa su yi jadawalin gaɓoɓi, ba, be, bi, bo, bu, suna haɗa "ba" da "ki" su sami "baki". Masu kalma su gina jimla. Masu labari su karanta su sake faɗa da bakinsu, su rubuta layi uku. Sauran lokacin na lissafi ne, da tsinkayen tsintsiya: goma a ɗaure da roba ya zama ɗauri ɗaya, 34 ya zama ɗauri uku da tsinke huɗu. Yaron da ya kwance ɗauri da hannunsa don ya ɗebe 8 daga 34 ya gane ma'anar aro, ba sai an haddace masa ba.

A fara da harshen da yaron yake ji. Rubutun Hausa yana bin lafazi, don haka haɗa gaɓoɓi yana zuwa da sauri, sannan a ɗora Ingilishi a kai. A kula da b da d, da ɓ da ɗ, su ne ake yawan juyawa. Wanda ya fito daga tsangaya ya riga ya san cewa baƙi yana ɗauke da sauti, wannan jari ne. Abin da zai saba da shi kawai shi ne farawa daga hagu.

Abubuwan da ke rusa shirin sanannu ne. Amshi baki ɗaya yana ɓoye wanda bai iya ba, don haka kullum a sa kowane yaro ya karanta shi kaɗai ko da layi ɗaya ne. Darasin kada ya koma taya yara aikin gida na makaranta. Baƙi masu kawo sadaka su zo a wani lokacin. Bai dace a tashi aji don a ɗauki hoto ba. Bulala kuwa babu ita sam. Yaron da ya ga tashin hankali, ko yake fitsarin kwance, ko yake firgita cikin barci, tsawa ba ta ƙara masa komai sai rufe baki. Masu aikin sa kai suna zuwa suna tafiya, kuma waɗannan yara sun gaji da rabuwa, shi ya sa ya kamata a horar da aƙalla ɗaya daga cikin iyayen renon da ke kwana a gidan.

A sake gwaji duk bayan mako huɗu, a matsar da wanda ya haura. Wanda ya yi wata uku bai motsa ba, alhali yana zuwa kullum, a mayar da shi asibiti a sake duba ido da kunne, a kuma nemi malamin masu buƙata ta musamman. Ɗan shekara 10 zuwa 18 da sa'o'insa suka yi masa nisa a karatu, a tambayi hukumar ilimi ta jiha game da shirin ABEP, wanda ke dunƙule karatun shekara tara cikin shekara uku.

Kowane yaro a buɗe masa fayil: takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sakamakon kowane gwaji da kwanan wata, da bayanin lafiyarsa. A kai wa malamin ajinsa kwafi kowane zango. Ranar da zai koma wurin dangi ko wani gidan, fayil ɗin ya bi shi, tare da sunan makarantar da za ta karɓe shi.