Tisafanes, gwamnan Farisa da ya yi yaƙi da kuɗi: tambayoyi da amsoshi

Wane ne Tisafanes?

Gwamna ne na daular Farisa a yammacin Turkiyya ta yau, mazauninsa birnin Sardis. Sarki Dariyus na biyu ya ba shi lardin bayan ya murƙushe tawayen gwamna Pisutnes. Babban aikinsa tara haraji, sai dai biranen Girkawa na bakin teku suna hannun Atina, ɗaya daga manyan biranen Girka, ga sarki yana bin sa harajinsu.

Me ya haɗa shi da Sparta?

Harajin nan ne. A 412 kafin haihuwar Annabi Isa ya ƙulla yarjejeniya da Sparta, birnin Girka da ke yaƙi da Atina: shi ya biya matuƙan jiragen ruwansu, su kuma su amince biranen na sarki ne.

To ya cika alkawari?

Rabi da rabi, kuma da gangan. Alkibiyades, ɗan Atina da ya gudo fadarsa, ya ba shi shawara kada ya bari ɓangare ɗaya ya yi rinjaye, gara duka biyun su galabaita. Sai ya rage kuɗin matuƙi daga dirakama ɗaya a rana zuwa obol uku, wato rabi, shi ma ba a kan lokaci ba. Matuƙin da bai ga kuɗinsa ba kuwa ajiye filafili yake yi ya gudu. A 411 jiragen yaƙin sarki 147 daga Finikiya, waɗanda Sparta ke jiran taimakonsu, suka iso Aspendos a kudancin Turkiyya ta yau, amma ya hana su ƙarasowa.

Dabarar ta yi aiki, amma ta ci amincinsa. Sparta ta karkata ga gwamna Farnabazos a arewa, kuma a 407 aka miƙa ragamar yankin ga ɗan sarki, Sairus ƙarami, wanda ya buɗe baitulmali sosai har Sparta ta ci Atina a 404.

Yaya ya dawo?

Da Sairus ya tara sojojin haya na Girka don kifar da yayansa, sabon sarki Artashasta na biyu, Tisafanes ne ya kai wa sarki labari. An kashe Sairus a Kunaksa a 401. Daga baya Tisafanes ya gayyaci Kilarkus da wasu kwamandojin Girka tantinsa a bakin kogin Zab, ya kama su. Ladansa lardunan Sairus.

Me ya kawo ƙarshensa?

Ya matsa wa biranen Girkawa, Sparta ta turo mayaƙa. A 395 sarkinta Agesilawus ya fatattaki dakarun dawakinsa kusa da Sardis. Uwar sarki Artashasta, Parisatis, dama tana riƙe da shi saboda ɗanta Sairus. Aka kama shi a Kolosi, Titraustes wakilin sarki ya sa aka sare masa kai.