Hanyar Duomo zuwa Fadar Pitti a Birnin Firenze

Hanyar Duomo zuwa Fadar Pitti hanya ce ta ƙafa a tsakiyar tsohon birnin Firenze, babban birnin yankin Toscana a ƙasar Italiya, wanda aka fi sani da Florence a wajen ƙasar. Tana tashi daga dandalin babbar majami'ar birnin, wadda ake kira Duomo, ta yi kudu ta titin Calzaiuoli, ta ratsa dandalin Signoria da farfajiyar Uffizi, ta haye kogin Arno ta gadar Ponte Vecchio, ta ƙare a ƙofar Fadar Pitti. Tsawonta kilomita ɗaya ne da ɗan wani abu, kuma mai sauri zai gama ta cikin minti ashirin. Dukanta tana cikin yankin da hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1982. Darajarta tana cikin yadda gine-ginenta suka jeru: daga arewa zuwa kudu, mutum yana ganin yadda iko ya fita daga hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa da majalisar gari ya koma hannun gida ɗaya, gidan Medici.

Dandalin majami'a

Gini mafi tsufa a dandalin shi ne ɗakin baftisma na San Giovanni, mai kusurwa takwas, wanda aka keɓe domin ibada a 1059. Ƙofofinsa na tagulla ne suka yi masa suna. Andrea Pisano ya yi na farko a shekarun 1330, sannan Lorenzo Ghiberti ya ci gasar 1401 ya yi sauran biyun. Ƙofar gabas kaɗai ta ci masa shekara 27, daga 1425 zuwa 1452. Waɗanda ke jikin ginin yau kwafi ne. Na asalin suna gidan adana kayan tarihi na majami'ar.

Babbar majami'ar, Santa Maria del Fiore, an aza harsashinta a 1296 bisa zanen Arnolfo di Cambio. Daga 1331 ƙungiyar masu sana'ar ulu ce ta karɓi kula da aikin. Hasumiyar ƙararrawa da ke gefenta Giotto ne ya fara ta a 1334, ya rasu bayan shekara uku, wasu suka kammala a 1359.

Ƙubbar ce babban al'amari. Magina sun kai bango inda ya kamata, suka bar wani fili a sama mai faɗin kusan mita 45, ba tare da an san yadda za a rufe shi ba. A al'adar gini ta lokacin, sai an kafa katako ya tallabi rufi har ya bushe, kuma katakon da wannan faɗi zai ci ya fi ƙarfin aljihun birnin. Filippo Brunelleschi, wanda asalin sana'arsa ƙirar zinariya ce, ya kawo dabarar da ta warware matsalar. Ya yi ƙubbar ninki biyu, ta ciki mai kauri da ta waje marar nauyi, ya kuma jera tubali a karkace, wasu a tsaye wasu a kwance, yadda kowane zagaye zai riƙe kansa kafin a ɗora na gaba. Ya ƙera injin ɗaga kaya da shanu ke juyawa. An fara a 1420, aka rufe a 1436, da tubali sama da miliyan huɗu, kuma har yau babu ƙubbar tubali da ta fi ta girma a duniya. Mai son hawa zai taka matakala 463 ta tsakanin ninkin biyu. A cikin wannan majami'a ne, ranar 26 ga Afrilu 1478, mutanen gidan Pazzi suka kashe Giuliano de' Medici ana tsakiyar ibada, wansa Lorenzo ya tsira da rauni.

Fuskar ginin mai marmara fari da kore da ja ba tsohuwa ba ce kamar yadda baƙi da yawa ke zato. A 1887 aka kammala ta.

Titin Calzaiuoli da Orsanmichele

Titin da ya haɗa majami'a da fadar gwamnati bai fi mita 400 ba, kuma an faɗaɗa shi a shekarun 1840. Yau kantuna ne suka cika shi. Mafi yawan masu wucewa ba sa tsayawa a Orsanmichele, gini mai kusurwa huɗu da ke hannun dama, alhali a duk hanyar babu inda ya fi shi bayyana irin mutanen da suka gina Firenze. An fara shi a 1337 a matsayin kasuwar hatsi. Wajen ƙarshen ƙarnin aka toshe bakunan ƙasa aka mai da wurin coci, benayen sama kuma suka zama rumbun gari, ajiyar da ake yi saboda shekarar yunwa. Har yanzu ana ganin kafofin da hatsi ke zubowa ta cikin ginshiƙai.

A bangon waje akwai gurabe 14, kusan kowanne na wata ƙungiyar sana'a, wadda aka ɗora wa nauyin sa mutum-mutumin waliyyin da take girmamawa. Waɗannan ƙungiyoyi sun yi kama da tsarin da maƙera da mahauta da marina ke da shi a tsofaffin biranen Hausa, sai dai a Firenze su ne gwamnati: daga 1293, wanda ba ya cikin wata ƙungiya ba ya samun kujerar mulki. Gasa ta shiga tsakaninsu, kowa yana neman gwanin da ya fi. Donatello ya yi wa masu ƙera sulke da masu sayar da lilin, Ghiberti ya yi wa fataken tufa da 'yan canji.

Dukiyar da ta biya wannan aiki daga tufa da banki ta fito. A 1252 birnin ya fara buga kuɗinsa na zinariya, fiorino, mai nauyin kusan giram uku da rabi, wanda ya karɓu a kasuwannin Turai da gaɓar Bahar Rum. Kaso mai yawa na zinariyar da ke shiga Turai a wancan zamani daga Afirka ta Yamma take, ayarin raƙuma suna ƙetare Sahara da ita zuwa tashoshin ruwan Magrib.

Dandalin Signoria

Nan ne filin siyasar birnin. An share shi ne a kan kufan gidajen zuri'ar Uberti, waɗanda aka rushe bayan ɓangarensu ya faɗi a rikicin ƙarni na 13. Palazzo Vecchio, fadar majalisa, an fara ta a 1299, da kaurin bango irin na ganuwa da hasumiya mai tsawon mita 94. Shugabannin jamhuriya wata biyu kawai suke yi a kan kujera, kuma a cikin fadar suke kwana har wa'adinsu ya cika. Har yau ofishin magajin gari yana ciki.

A bakin ƙofa aka kafa mutum-mutumin David (Dauda, wanda ya kashe ƙato Jaluta) na Michelangelo a 1504, bayan birnin ya kori Medici, don haka mutane suka ɗauke shi alamar ƙaramar jamhuriya mai tsaya wa manya. An kai na asalin gidan adana kayan tarihi na Accademia a 1873, aka sa kwafi a 1910. Kusa da maɓuɓɓugar Neptune akwai wani faifan dutse a ƙasa da ke nuna inda aka rataye mai wa'azi Girolamo Savonarola aka ƙona gawarsa ranar 23 ga Mayu 1498, shekara guda bayan mabiyansa sun ƙona kayan ƙawa a wannan fili.

Jamhuriyar ta faɗi a 1530. A 1540 Cosimo na Ɗaya, na gidan Medici, ya tare a fadar majalisa da iyalinsa, ya mai da ita gidansa.

Uffizi da hanyar sama

Cosimo ya sa Giorgio Vasari ya fara ginin Uffizi a 1560 domin ya tara ofisoshin hukumomi da na ƙungiyoyin sana'a a ƙarƙashin idonsa. Daga baya benen sama ya zama ma'ajiyar zane-zanen gidan Medici. Anna Maria Luisa, ta ƙarshe a zuri'ar, ta sa hannu a yarjejeniyar 1737 cewa ba za a fitar da kayan daga Firenze ba, kuma albarkacinta ne suke nan har yau.

A 1565 Vasari ya gina rufaffiyar hanya a sama, cikin wata biyar, daga Palazzo Vecchio ta cikin Uffizi, ta bi bakin kogi, ta hau kan shagunan gada, har Fadar Pitti, wadda ta riga ta zama ta gidan Medici. Da ita mai mulki ke zuwa aiki ya koma gida ba tare da ya taka titin da talakawansa ke bi ba. Gidan Mannelli sun ƙi a taɓa hasumiyarsu da ke ƙarshen gada, dole hanyar ta kewaye ta, kuma ana ganin wannan lanƙwasa daga ƙasa. An rufe hanyar a 2016 domin gyara, aka sake buɗe ta a Disamba 2024.

Ponte Vecchio zuwa Pitti

Ambaliyar 1333 ta tafi da tsohuwar gada, aka gina wannan a 1345 a kan baka uku. Mahauta ne suka daɗe a shagunanta suna zubar da ƙazanta a kogi, har mai mulki Ferdinando na Ɗaya ya tashe su a 1593 ya ba maƙeran zinariya wurin. Su ne a can har yanzu. A Agusta 1944 sojojin Jamus da ke ja da baya sun tarwatsa duk gadojin birnin ban da ita, amma sun rushe tsofaffin gidajen da ke bakinta ta ɓangarorin biyu, shi ya sa gine-ginen wurin sababbi ne. Ta kuma tsira daga ambaliyar 4 ga Nuwamba 1966, ko da yake ruwa ya fasa shagunan.

Daga gada titin Guicciardini ya miƙe zuwa Fadar Pitti. Luca Pitti, wani attajirin banki, ya fara ta a 1458. Eleonora ta Toledo, matar Cosimo, ta saye ta a tsakiyar ƙarni na 16, aka faɗaɗa ta, aka shimfiɗa lambun Boboli a bayanta. Bayan Medici, gidan Lorraine ya zauna a ciki, sannan sarkin Italiya lokacin da Firenze ta zama babban birnin ƙasar daga 1865 zuwa 1871. Sarki Vittorio Emanuele na Uku ya miƙa ta ga gwamnati a 1919, kuma yanzu gidajen adana kayan tarihi ne a cikinta.