Bidiyon waƙoƙin synth-pop na farko

Synth-pop salon kiɗa ne da ya bunƙasa a Birtaniya a ƙarshen shekarun 1970, inda sintisaiza, wato na'ura mai kama da fiyano da ke haɗa sauti da lantarki, ta karɓe matsayin gita. Mai gita yakan yi tsalle ya cika dandali, shi kuwa mai sintisaiza tsaye yake ƙiƙam yana danna maɓalli. Dole ta sa masu shirya bidiyo suka nemo wa ido abin kallo, kuma a nan ne gwanintarsu ta fito.

Ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus ce ta share fage a 1978 da jajayen riguna, baƙin nektai da fuska ba annuri, tamkar mutum-mutumi. Gary Numan ya bi sahu a 1979 da fuska shafe da farar hoda. Matasan gidan rawa na Blitz a Landan suka ƙara da kwalliya mai yawa, maza da mata. A bidiyon "Fade to Grey" na Visage, wanda Godley da Creme suka shirya, fuskar mawaƙin ƙungiyar, Steve Strange, aka fi kallo, fentin da ke kanta yana ta sauyawa.

Wasu kuma silima suka kwaikwaya. A "Vienna" na Ultravox (1981), darakta Russell Mulcahy ya rufe sama da ƙasan hoton da baƙin layi irin na majigi, ya cika titunan dare da hazo. Aiki ne da har yau bai tsufa ba.

Da MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, ta buɗe a Amurka ranar 1 ga Agusta 1981, da "Video Killed the Radio Star" na Buggles ta fara, shi ma aikin Mulcahy. Tashar na neman bidiyo ruwa a jallo, ga mawaƙan Birtaniya sun riga sun saba yin sa saboda shirye-shirye irin su Top of the Pops na BBC. Haka "Don't You Want Me" na Human League ya kai lamba ɗaya a Amurka a 1982. Daraktan bidiyonsa, Steve Barron, shi ne ya haɗa zanen fensir da mutane na zahiri a "Take On Me" na ƙungiyar a-ha ta Norway, wanda ya lashe kyaututtuka 6 na MTV a 1986.