Jar Fitila a Gaban Sitiyari Ba Ado Ba Ce

Gobe idan ka shiga mota, kada ka yi hanzarin tayar da inji. Murza makulli rabi, ko ka danna maɓallin ba tare da ka taka birki ba, sannan ka zuba wa allon da ke bayan sitiyari ido. Za ka ga fitilu sun kama gaba ɗaya, ja da rawaya, wasu su mutu bayan 'yan daƙiƙu, sauran su jira sai inji ya tashi. Direbobi da yawa sun ɗauka wannan kwalliya ce kawai. Gwaji ne motar take yi, tana nuna maka cewa kowace fitilar gargaɗi tana da rai. Wadda ba ta kama ba a wannan lokacin ita ce abar tsoro, domin ranar da matsalarta ta zo babu mai faɗa maka.

Wani zai ce me ya haɗa ma'aikacin lafiya da allon mota. Abin da ya haɗa mu shi ne ɗakin karɓar masu haɗari. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasa rayukansu kowace shekara a haɗurran hanya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Gudun wuce sa'a da ganganci su ne manyan dalilai, babu ja. Amma akwai wanda birki ya yaudara, akwai wanda injinsa ya mutu a tsakiyar titi da dare wata mota ta hau shi ta baya, akwai wanda ruwan lagireto ya ƙona. Idan ka natsu ka tambayi irin waɗannan, sau da yawa amsar ɗaya ce: "Ai dama akwai wata fitila da take kamawa."

Ba sai ka haddace dukkan zane-zanen ba. Fara da launi. Ja na nufin ka nemi wuri mai aminci ka tsaya yanzu. Rawaya ko ruwan lemo na nufin akwai abin da ya samu matsala, kana iya ƙarasawa a hankali amma ka kai ta a duba ba da jimawa ba. Kore da shuɗi sanarwa ce kawai cewa wani abu yana kunne. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 2575 da ta tsara waɗannan alamomi da launukansu, shi ya sa motar Japan da ta Jamus da ta Koriya duk kusan zane iri ɗaya suke amfani da shi.

A cikin jajayen, wadda na fi so kowa ya sani ita ce mai zanen 'yar butar mai da ɗigo ɗaya a bakinta. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka tana cewa baƙin mai ya ragu, a ce bari a ƙarasa gida a ƙara. Abin da take faɗi ya fi haka muni: ƙarfin da famfo yake tura baƙin mai cikin inji ya faɗi. A cikin inji ƙarfe ne ke juyawa a kan ƙarfe sau dubbai a minti ɗaya, kuma siririn shimfiɗar man nan ne kaɗai ya raba su. Idan man ya daina isa, cikin ƙanƙanin lokaci su fara cin juna, inji ya buga. Saboda haka da ta kama kana tafiya, ka ba da sigina, ka sauka gefe, ka kashe inji. Jira 'yan mintuna man ya koma ƙasa, ka zaro sandar awon mai, ka goge ta da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa ka duba ko man yana tsakanin alamomin nan biyu. In ya yi ƙasa, ƙara irin wanda ya dace. In kuwa man yana nan daidai amma fitilar ta ƙi mutuwa, kada ka yi wa kanka fatan alheri ka ci gaba. Mai yiwuwa na'urar awon ce ta lalace, mai yiwuwa famfon ne, kuma daga kan kujerar direba ba za ka iya bambancewa ba. A jawo motar. Wasu motoci suna da irin wannan buta a launin rawaya, ita ce mai nuna raguwar man kawai.

Sai ta zafi, mai zanen ma'aunin zafi a tsaye cikin igiyar ruwa. A wasu motocin allura ce ke tafiya tsakanin C da H. Idan ta fito shuɗiya da safe ba komai, inji ne bai ɗumama ba, za ta mutu da kanta. Idan ta fito ja, ko allura ta doshi H, ka tsaya ka kashe inji. A nan ne aikinmu yake shigowa sosai, domin abin da mutum yake yi bayan ya tsaya shi ne yake kawo shi wurinmu. Ya buɗe bonet, ya naɗe hannu da tsumma, ya murɗe murfin lagireto. Ruwan da ke ciki a matse yake, kuma saboda matsewar yana wuce zafin digiri 100 ba tare da ya tafasa ba. Da an sassauta murfin sai ya yi tsalle tare da tururi. Ƙunar tana da kamanni da muka saba gani: bayan hannun dama, cikin damtse, ƙirji, wani lokaci har gefen fuska da fatar ido, tsumman kuma ya jiƙe da ruwan zafi ya manne a fata ya ƙara ƙona ta. Ka ba injin aƙalla rabin sa'a ya huce kafin ka taɓa murfin. Idan kuma tsautsayi ya riga ya faru, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai gudana na tsawon minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da baƙin mai ko wani abin shafawa, kuma kada a fasa ƙurajen ruwan da suka taso. Ƙunar fuska ko ta hannu, ko wadda ta fi tafin hannu faɗi, ta asibiti ce.

Fitilar batir ma ana yi mata mummunar fahimta. Mutum ya ga zanen batir ya je ya sayi sabo, bayan kwana kaɗan sabon ma ya mutu. Abin da take nufi shi ne batir ba ya samun caji, kuma galibi laifin altaneta ne ko fambel da ke juya ta. Motar za ta ci gaba da tafiya a kan ɗan abin da ya rage a batir, har ya ƙare ta mutu a inda ta ga dama. Kashe na'urar sanyaya mota da rediyo, ka nufi wurin gyara mafi kusa. Amma ka lura da wannan: a motoci da yawa fambel ɗaya ne yake juya altaneta da famfon ruwa da famfon sitiyari. Idan fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi, allurar zafi ta fara hawa, to bel ɗin ya tsinke ke nan, tsayawa za ka yi nan take.

Da'ira mai alamar motsin rai a tsakiya, ja, ta birki ce. Fara duba hambirki, wataƙila ba ka sauke shi duka ba. In ka sauke shi amma fitilar ta ci gaba da ci, man birki ya yi ƙasa, ko dai saboda takalman birki sun cinye ko kuma yana yoyo a wani wuri. Ƙara mai ba gyara ba ne, sai an gano inda na farkon ya tafi. Idan ka taka birki ka ji ya yi laushi yana nutsewa, motar nan ba ta ɗaukar kowa sai an gyara. Ta ABS rawaya ce. Idan ita kaɗai ta kama, birkinka na yau da kullum yana aiki, abin da ka rasa shi ne na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan ka taka birki da ƙarfi, musamman a jiƙaƙƙen titi. Idan su biyun suka kama tare, ja da rawaya, ka ɗauke ta a matsayin ja.

Yanzu ga wadda aka fi rainawa, rawaya mai zanen inji. An raina ta ne don tana kamawa a kan abu ƙarami da babba: murfin tanki da ba a ɗaure sosai ba, na'urar awon hayaƙi, fulogi da ya gaji. Mota ta yi wata da watanni tana tafiya da ita a kunne, har ido ya saba. Amma tana da yanayi biyu. Idan ta tsaya cak, a kai mota a duba cikin kwanakin nan. Idan tana ƙyaftawa, inji yana tsallake wuta, ɗanyen fetur yana zuba cikin salansa, kuma zai iya ƙona matatar hayaƙin da ke ciki, wadda tana cikin kayan mota masu tsada. Sassauta totur, ka rage gudu, ka tsaya da zarar ka samu wuri. Ba a gano dalilin kamawarta da duba ko canke. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD-II, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, 2004 ga na dizal. Wannan kafa tana ƙarƙashin sitiyari. A nan makanike yake jona na'ura ta karanto lambar matsalar.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne maganin da wasu ke yi wa wannan fitila. A goge lambar ba tare da an gyara komai ba, ko a cire kan batir na ɗan lokaci, ko a liƙe wurin da baƙin tef, ko ma a buɗe allon a zare ƙwan fitilar gaba ɗaya. Daidai yake da mai zazzaɓi da yake ta shan maganin sauke zafi ya ƙi zuwa a gwada jininsa: jiki ya yi sanyi, cuta tana nan tana aikinta. Mai shirin sayen motar hannu ya riƙe wannan da kyau. Kafin ka saurari ƙarar inji, murza makulli rabi ka tabbatar fitilar inji da ta ABS da ta jakar iska duk sun kama, sannan sun mutu bayan an tayar. Wadda ba ta fito ba sam, ka tambayi dalili.

Ita ta jakar iska zanen mutum ne a zaune da ƙwallo a gabansa, wani lokaci a rubuta SRS. Idan ta ƙi mutuwa, jakar tana iya ƙin buɗewa ranar haɗari, kuma ba ranar za ka so ka gane ba. Jakar ma an yi ta ne don ta taimaka wa bel, ba don ta maye gurbinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota da kusan rabi. Masu zagayo da bel ta bayan kujera su soke shi don ƙarar ta yi shiru, motar kawai suka rufe wa baki.

Akwai kuma rawaya mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a ciki, wato iskar taya ta ragu. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba lambar da ke jikin tayar ba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Masu motar dizal za su ga wata mai kama da naɗaɗɗiyar waya, a jira ta mutu kafin a tayar.

Fitilun waje suna da nasu alamomi a allon. Shuɗiyar nan mai layuka a miƙe tana cewa ka cika haske. Da ka hango mota tana zuwa, ko kana bin bayan wata, ka rage, domin direban da ka kashe wa ido kai zai nufa. Idan kibiyar sigina ta fara ƙyaftawa da sauri fiye da yadda ta saba, ƙwai ɗaya ya mutu a wannan gefen. Sababbin motoci kuma sun zo da wani tarko. Suna da fitilun rana da ke kamawa da kansu a gaba, allon ma kullum a haskake yake, sai magariba ta yi direba ya zaci fitilunsa a kunne suke, alhali a motoci da yawa na baya a kashe suke, mai zuwa ta baya ba ya ganinsa. Nemi koriyar alamar fitila a allon, ita ce shaidarka. Fitilar hazo ta baya, mai alamar rawaya, haskenta yana da ƙarfi ƙwarai, a kashe ta da zarar hazo ko ruwan sama ya ɗauke. Maɓallin nan mai jan kusurwa uku kuwa na wanda ya tsaya ne bisa lalura. Ka kunna shi, ka fitar da fasinjoji ta gefen da ba titi ba, su tsaya nesa da motar, sannan ka ajiye alamar gargaɗi a baya.

Motoci sun bambanta, wasu alamomin sai a littafin da ya zo da motar, kuma kamfanoni da yawa suna saka shi kyauta a intanet idan naka ya ɓata. Idan wata fitila ta kama ba ka gane ta ba, bayan ka tsaya ka ɗauki hotonta da waya kafin ka kashe inji, domin wasu suna ɓacewa idan an sake tayarwa. Ka kuma riƙe abin da kake yi lokacin da ta kama, hawan tudu ne, taka birki ne, ko inji yana sanyi, ka faɗa wa makanike tare da hoton.